Masu Dubiyar Inna

Lokacin da ɗan kabukabu ya sauke ni a ƙofar gidanmu a Argungu, takalma sun cika zaure har sun zubo waje. A tsakar gida mata ne zazzaune kan tabarmi, kowacce ta ɗaura fuskar jaje. Ga buhun albasa daga Augie, ga bandar kifi daga Gulma, ga ƙwaryar fura. Marar lafiyar da suka zo dubawa kuwa, wato mahaifiyata, tana bakin murhu, tana juya shinkafar da take turarawa da ƙarfin da zai kayar da ƙato.

"Sannu Ma'u, ya jikin?" in ji wata tsohuwa.

"Jikin wa?" Inna ta ce, ko waigowa ba ta yi ba.

Da safiyar ranar ne Judith, abokiyar aikina a Birnin Kebbi, ta miƙo min wayarta. Saƙo ne daga Watsaf ɗin Inna, da hotonta na ranar Sallah: wai tana kwance asibiti, a taimaka mata da abin da ya sawwaƙa. Inna, wadda tun rasuwar Baba ko gishiri ba ta taɓa roƙa a maƙwabta ba! Ita ce shugabar mata masu turara shinkafa a unguwarmu, sunanta shi ne jarinta.

Na ja ta ɗaki. "Inna, wa kika ba lambar da aka turo miki a waya?"

"Wani yaro na, mai ladabi. Ya ce taron addu'a za a yi ta waya, in karanto mashi lambata ta shiga."

"Kin san shi?"

"Ke Riskuwa, ya gaishe ni har da tambayar gwiwata. Ya yi ma ubanki addu'a. Wanda yay yi ma mamaci addu'a ni ka hana ma 'yan lambobi?"

Na yi karatun kwamfuta a kwalejin kimiyya, na fito da sakamakon da har yau nake taƙama da shi. Ba a koya mana amsar wannan tambaya ba.

* * *

Na sake yi wa layin rajista, sabuwar lamba ta shigo, na kori ɓarawon. Sai wayar ta nemi makulli na biyu, wasu lambobin sirri da mai asusun Watsaf ke sawa da kansa. Mu ba mu taɓa sawa ba. Shi ya sa. Ɓarawo ya shiga ɗakin Inna, ya sayo kwaɗo, ya kulle mu a waje. Dole muka jira kwanaki kafin kwaɗon nasa ya saki.

A kwanakin nan ba mu da bakin ƙaryata shi, masu dubiya kuwa ba su fasa ba. Ni na dafa musu tuwo, ni na wanke kwanuka, ni na maimaita bayani har muryata ta dushe. Wata ta leƙa fuskar Inna ta ce lallai ta rame. Wata ta ja ni gefe, cikin tausayi: "In babu ce ta kama ku, ku hwaɗi gaskiya, ba sai an ƙirƙiro asibiti ba." Inna ta ji. Ranar ba ta ci abinci ba.

Da asusun ya dawo, na zaunar da ita gaban baƙi, na kunna mata makullin.

"Ki zaɓi lambobin da ke kaɗai kika sani. Ko wani ya sake yaudarar ki, ba zai shiga ba sai da su."

Ta yi tunani, ta latsa, sannan ta ɗago kai ta karanto su da ƙarfi, tana bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Inna!"

"To mi? In yi ƙus-ƙus gaban baƙi kamar mai ɓoyon nama?"

Na karɓe wayar, na shiga ɗaki, na canza lambobin, na haɗiye su a cikina.

* * *

Washegari Kawu Dikko, yayan Inna, ya iso da babbar riga da sanda.

"An ce ke ka riƙe da makullin wayar uwarki."

"Ni ce, Kawu."

"Ɗiya mace, ko aure ba ki yi ba? Hwaɗa min, ni babba na."

"Kawu, ka yi haƙuri."

"Ɓarawo kika ɗauke ni?"

"A'a. Amma wancan watan wa ya gaya wa mai shayi lambar katinsa na banki don ya ciro masa kuɗi?"

Matan da ke bakin murhu suka toshe baki da mayafi. Kawu ya buga sanda, ya ce boko ya cinye min kunya, kuma ba zai sake taka gidan ba sai na durƙusa. Na durƙusa nan take, har ƙasa, na ba shi haƙuri. Lambar dai ban faɗa ba. Har yau a dangi sunana Mai Makulli, kuma ina amsawa.

Asusun Inna bai sake ɓacewa ba. Ranar da zan koma Birnin Kebbi, ina ɗaure jaka, wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Ta ɗauka, na jiyo muryar wata mata tana rangaɗa sallama, tana tambayar gida da yara da gajiya. Da can Inna kan amsa irin wannan gaisuwa har shinkafa ta kama a tukunya. Yau ta saurara kawai, idonta a kaina. Can ta kife wayar a kan tabarma, ta jawo faifai ta ci gaba da tsintar tsakuwa, muryar tana ta gaisuwa a ƙasa.