Kura Mai Haƙorin Makka

A ƙarƙashin robar da ake ɗaure kaya a bayan wani babur, Munawwara ta hango gefen littafi mai launin ruwan goro. Ta san launin, ita ta haɗa shi da hannunta. Littafin yara ne na kura da awaki, wanda ta zana wa hotuna bara, aka raba shi a makarantun firamare na Bagudo. Ta yi ɗan murmushi ta wuce shagon ɗinkin kawunta Sambo, inda ya ba ta kusurwa ta ajiye teburin aikinta.

Ba ta gama jiƙa burushi ba sai ƙofar shagon ta yi duhu. Warin fetur ne ya fara shigowa, sannan mutumin. Tana ganin kunnensa na hagu a tsage, sai ta gane shi.

Tun tana jami'a Munawwara ba ta iya ƙirƙiro fuska daga kanta, sai dai ta ara. Kunya ba ta barinta ta dubi mutum ido da ido, don haka ta gefe take kallo, ta tsinci abu guda a jikin wannan, guda a jikin wancan. Uwar awakin littafin tafiyar wata mai kifi ce a bakin kogin Kwara, gemun bunsurun kuwa na wani ladani ne. A kan kura kaɗai ta yi ganganci. Lokaci ya ƙure mata, sai ta kwashi komai daga mutum guda, wani da ta gani ran kasuwa a bakin iyaka yana shan rake a kan babur: tsagaggen kunne, jan ƙyalle a wuya, da haƙorin Makka. Sai da aka buga littafin ta ji sunansa Badamasi, kuma shi ne jagoran masu ƙetarawa da fetur zuwa Benin ta hanyoyin daji. Ana cewa wani da ya taɓa tona musu hanya ya tarar da rumfarsa ta zama toka.

"Ke ce ɗiyar Sambo mai zane?"

"Ni ce, Baba. Sannu da zuwa. Kawu ya tafi Geza gaisuwa."

"Na sani. A gabana ya hau mota."

Ya jawo kujerar keken ɗinki ya zauna tsakaninta da ƙofa. Ya buɗe littafin nan na bayan babur a kan gwiwarsa, shafin ma da kansa ya buɗe saboda yawan buɗawa.

"Wanga mi ne ne?"

"Kura ce, Baba."

"Kura." Ya gyaɗa kai. "Ni dai a daji na yi furfura, ban taɓa gamuwa da kura mai haƙorin Makka ba. Ko ita wagga hajji ta yi?"

Munawwara ta saci kallon ƙofa. A waje masu wucewa suna ta harkarsu, ba wanda ya leƙo.

"Ina da ɗiya, Safina, aji uku," in ji shi, muryarsa ƙasa ƙasa. "Yara na bin ta da kukan kura tun daga makaranta har ƙofar gida. Malaminsu ma da ya kawo shafin ga, sai da ya rufe bakinshi da littafi. Tun kaka ba ta sake taka makarantar ba. Jiya ta tambaye ni ko da gaske ina cin awakin mutane."

"Wallahi Baba ban yi nufin..."

"Ki karɓe littattafan. Duka."

"Ba a hannuna suke ba. An raba su har Sharabi, har ƙauyukan ƙetaren ruwa. Ni zane kawai na yi."

Ya ɗauki almakashin Kawu Sambo, babban nan na yanka shadda, yana buɗewa yana rufewa a hankali, idonsa na yawo a kan zanukan da ta manna a bango. A nan ta tuna abin da ke kan teburinta. Masu littafin sun ce yara sun so kurar, don haka sun nemi littafi na biyu da ita ɗin dai. Ga ta nan shimfiɗe, fenti bai ko bushe ba, tana dariya da haƙorinta. Munawwara ta ja gefen hijabinta ta rufe takardar.

"Ɗaga."

Ta ɗaga. Ya miƙe ya tsaya a kanta, almakashin na hannunsa, har tana jin numfashinsa. Ya daɗe yana kallo.

Ba ta san lokacin da ta ɗauki burushi ba. Ta dangwalo launin toka ta cike tsagar kunnen. Ta shafe haƙorin da fari. Jan ƙyallen ya ƙi ɓoyuwa, yana ta ɓullowa ta ƙarƙashin fenti, sai da ta maimaita har takardar ta jiƙe ta kumbura. Abin da ya rage kura ce kawai, irin ta kowa, ba ta kama da kowa.

"Na biyun ba zai fita da kai ba, Baba," ta ce, ba ta ɗago ba. "Na rantse."

"Na farkon fa, wanda ke hannun yara?"

Ta ƙura wa jiƙaƙƙiyar takardar ido tana jiran abin da zai biyo baya, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Sai ta ji ƙarar ƙarfe a kan katako. Ya ajiye almakashin a kan keken ɗinki. Ya gyara hularsa, ya sunkuya ya fice, ko sallama bai yi ba.