Duwatsun Zinariya

Ni Attahiru, da hurhurata da gemuna, bana na yi wata guda ina dakon duwatsu bisa kai, duk gari na kallo. Kunya kam na sha ta, kuma ba wanda yaj ja mini sai ni.

Garinmu na kusa da Deule, inda tudu ya hi gona yawa. Da munka yi arme da Zinariya, sai niy yanka mata gamana, ƴar gonar da miji ka ba mata ta noma abin kanta. Wace gona! Fako ne tsurarsa, ko akuya ba ta tsayawa wurin. Na ba ta ne don kar a ce ban ba ta ba.

Ashe ta koyi aiki wurin uwatta, wadda tay yi aikin gyaran ƙasa Keita tun tana budurwa. Rani ukku Zinariya na sauko da duwatsu daga tudu bisa kanta, tana jera su layi-layi don su tare ruwa, tana gina ƴan ramu tana zuba taki. Damana ta huɗu, hatsi yat tashi har ya hi ni tsawo.

Ni ko ina Abijan wurin bida, neman kuɗi. Wata rana muna cin abinci, wani ɗan garinmu yac ce, "Kai kana nan kana sa takalmin ƙwambo, matarka na can ta zama jaka." Anka bushe da dariya. Raina yaɓ ɓaci, niɗ ɗauki wayar salula nit tura mata murya, nic ce ta bar wanga aiki. Tam maido da amsa a natse: "Hatsin da ɗiyanka ka ci, daga nan shika hitowa." Gaskiya ce tsantsa, shi ya sa tay yi mini zahi. Nan take nis sake ta, saki guda, cikin salula, kamar mai aiken a sawo mishi goro.

Ban tsaya nan ba, don in na hau hushi ba ni da kai. Da nik komo gida niƙ ƙwace gamanar, nis sa amalanke nik kwashe duwatsunta kakaf, niy yi katangar gidan Hafsa da su, amaryar da nis sako bayan sakin. Ran nan ina lodi sai ga Zinariya za ta rijiya. Shekara goma sha biyu muna tare ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "shi" ko "mai gida", yadda matan kirki ka yi. Tat tsaya tac ce, "Sannu da aiki, Attahiru." Wallahi da mari tay yi mini da ya hi sauƙi.

Hafsa baiwar Allah ce, ba ta san komi ba cikin wagga magana. Shekararmu biyu ciwo yak kama ta, tar rasu muna bisa hanyar asibitin Madawa. Zinariya taz zo gaisuwa, taɗ ɗaura zane tay yi ma baƙi tuwo kwana ukku, ba ta ko dube ni ba. Gamana kuwa, ruwa ya wanke ta, ta koma fako yadda nib ba ta.

Na daɗe ina yi ma kaina ƙarya kahin in amsa cewa ita nika so, kuma ita nika kewa tun ran da nit tura waccan murya. Nir roƙi kawuna Tsoho shi tahi wurin yayanta Ilyasu shi nemo mini kome. Kawu yak komo yana sosa gemu.

"Ba ta ce a'a ba," in ji shi. "Ta ce ka maido abin da kaɗ ɗauka."

"Kawu, gona tata ce, ta amsa yau."

"Kai wawa, gona kaɗ ɗauka? Gona na nan inda take."

Wanshekare nir rushe katangar. Kawu yac ce in ari amalanke, niƙ ƙiya, tunda ba da amalanke tak kawo su ba. Mata na wucewa suna tsiya: "Attahiru, an shiga aikin jakkai?" Wata tsohuwa har tak kwance gammonta tam miƙa mini, niy yi godiya nis sa. Nic ci gaba da dakon duwatsun bisa kai har gona.

Ran da nij jera dutse na ƙarshe, da hantsi, taz zo da Ilyasu. Na yi layukana miƙe sar, ina jin na burge. Tad duba, tak kama haɓa.

"Haba! Wa yac ce ma ruwa miƙe shika tahiya? Damana guda za shi watsar da wanga." Tas sa ƙafa tat tura dutse guda baya, tat tura na biyu gaba. "Daga can kwarin ruwan shika biyowa. Ɗauko wancan babban."

Niɗ ɗauko. Ban san ko gyara takai don gonarta ba ko don ni, kuma ba ni da bakin tambaya.

Sai ga tsohuwar nan mai gammo bisa hanya, taɗ ɗaga murya: "Zinariya, wa kika yi ma hwaɗa haka da sahe?"

Zinariya taj ja gyale tar rufe rabin huska, tad dubi ƙasa.

"Inna, shi ne yaɓ ɓata mini layi."

Ilyasu yaj juya yana dariya ƙasa-ƙasa. Ni ko nid durƙusa da dutse ga hannu, niy yi ta kuka gaban surukina, gammon tsohuwa na bisa kaina.