Ranar da Muhsinat Ta Fara Riƙe Sanda

Muhsin ya kulle kansa a mota, ya rantse ba zai fito ba. Zaituna na tsaye a bakin filin wasan besbol tana ƙwanƙwasa gilashi, gumi na bin wuyanta. Daga asibiti ta sauka aiki ta kwaso tagwayenta, Muhsin da Muhsinat, a unguwar International City, ko shayi ba ta sha ba.

Kocinsu ce ta jawo rigimar. Ta sa Muhsinat a lidof, wato mai fara bugu, ta tura Muhsin na huɗu. Shi da ya riga ta zuwa duniya, shi ake fara zuba wa abinci, shi ke danna lif in za su sauko daga bene.

Zaituna ta maimaita masa bayanin koci ta kafar taga. Ba ƙarfi ake nema wurin lidof ba, ido ne da haƙuri, mai ƙyale mummunar ƙwallo ta wuce, ya lallaɓa ya kai tashar farko. Masu ƙarfin a baya ake ajiye su. Ya toshe kunnuwa. Alƙalin wasa kuwa ya aiko cewa in 'yan wasansu ba su cika tara ba, khalas, zai ba abokan karawa nasara. Zaituna ta tuna yadda yarinyar ta kwana rungume da hularta, zuciyarta ta karye.

Sai ga Muhsinat ta taho tana jan sanda a ƙasa. Ta manna goshi a gilashi.

"Yaya," ta ce, "tsoro nake ji. In na maƙale a tasha, wa zai buga in samu in gudu?"

Tun da ta iya magana ba ta taɓa kiransa Yaya ba, cewa take tare suka zo. Ƙofa ta buɗe a hankali.

"Maimaita."

"Ba zan sake ba, mai ƙaton kai. Yalla, mu je."

Ta ƙyale ƙwallaye suka yi ta wucewa har aka ba ta tashar farko a ɓagas. Masu bugu na biyu da na uku suka kasa, aka fitar da su. Muhsin ya ɗaga sanda ya zabga, ƙwallo ta tsallake waya, Muhsinat ta zagayo a guje hula na faɗuwa. Zaituna ta manta inda take ta rangaɗa guɗa.

Ba ta rufe baki ba wani dogon mutum cikin farar jallabiya ya shigo filin. Ƙwallon na hannunsa, ga ɓaraguzan gilashin mota a kafaɗarsa. Cikin Larabci mai sanyi ya tambayi ina iyayen wanda ya buga.