Matan da ke Bangon Apa Nighat

"Kafin rai ya fita a kwashe zane-zanen nan daga gidan," in ji Bhai Irshad, yana tsaye a bakin ƙofa ko takalmi bai cire ba. "Ta ina mala'iku za su shigo?"

Yayarsa Apa Nighat, da muke zaton ta daina jin magana, ta buɗe ido ɗaya. "Mala'iku sun san hanyar gidan nan, Irshad. Kai ne dai ka manta ta."

Khala Kausar, tsohuwar lungunmu, saura kaɗan ta shaƙe da dariya a tsakiyar Yasin. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina shafa wa Apa ruwa a leɓe da auduga.

Bango ɗaya ya raba gidana da nata a tsohon birnin Lahore. Ita ba miji ba ɗa, sai burushi na gashin jelar kurege da takardu masu kauri da take rinawa da ruwan shayi. Mu matan lungu take zanawa. Kowaccenmu ta zauna gabanta tana ɓarar wake ko tsifar kai, amma da ta gama sai ta kai ɗakin ciki ta datse da kwaɗo. Har Karachi an kai mu baje koli, baƙi sun kalle mu sun ƙoshi, mu ba mu ga kanmu ba. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai, don ni Allah Ya zuba mini son ganin ƙwaƙwaf.

"Apa, don girman Allah nawa kaɗai ki nuna mini," na sha roƙonta.

"Shagufta, in kin gani za ki fara gyara zama. Ci gaba da wakenki."

Bayan azahar rai ya yi halinsa. A tsakar gida na ji Bhai Irshad yana gaya wa maza cewa da sun dawo daga maƙabarta zai cinna wa takardun wuta. Kuka yake yi wiwi. Ba mugunta ba ce, tsoro yake kada a kama 'yar'uwarsa da su a kabari.

Ɗakin ciki ne kaɗai ke da magudanar ruwa, can za a yi mata wanka. Khala ta zaro makulli daga ƙarƙashin matashi ta miƙo mini. "Je ki juya su su kalli bango. Kada ki tsaya kallo."

Ai kamar ta ce mini tsaya.

Ga matar mai gidan burodi, fuskarta biyu, ɗaya na murmushi ɗaya ta cije leɓe. Ga wata amarya an zana ta daga baya, kitsonta ya zama igiya tana sauka da ita ta taga. Ga Khala Kausar da carbi a hannu, amma a ƙasan wandonta ƙararrawar 'yan rawa ce zagaye da idon sawu.

Nawa yana lungun ƙofa. Ni ce zaune da tiren wake a cinya, kai sunkuye. Sai dai daga yatsuna wani zare ya tashi, siriri kamar gashi, ya bi ta rufin ɗaki har sama, jan jirgin takarda na lilo a ƙarshensa. Rabona da riƙe zaren nan tun ina yarinya, ina sanye da rigar wana a kan soro, don wasan maza ne. Ko mijina bai sani ba. To ita a ina ta gani? Na dubi hannuna, sai ga yatsun suna ɗan ja da saki su kaɗai.

"Uwar kallo, me ya riƙe ki?" Khala ta leƙo. Idonta ya sauka kan nata. "Ja'ira! Wa ya gaya mata?"

"Khala, ƙone su zai yi."

"Ya ƙone wa? Ni?" Ta cire nata daga ƙusa ta cusa cikin mayafi.

Muka yi wa Apa wanka, muka suturta ta, maza suka ɗauka. Kafin su juyo magana ta zaga lungu. Mata suka riƙa shigowa gaisuwa, kowacce ta yi addu'a, ta ratsa ɗakin ciki, ta fito hannu dafe da ƙirji. Wata na share hawaye, wata na ƙunshe dariya.

Da la'asar Bhai Irshad ya dawo, ƙasar maƙabarta a gwiwar wandonsa, ashana a hannu. Ya tarar da ƙusoshi zalla. Guda ɗaya ya rage, don mai shi ba ta duniya. Ya juyo da shi. Mahaifiyarsu ce, ba mayafi, ta wage baki tana dariya, hannunta ɗaya dunƙule, ɗayan kan wani yaro da ke barci a cinyarta.

Na je kwashe kofunan shayi na leƙa. Yana zaune a ƙasa, ya jingina da bango, zanen bisa gwiwarsa, kwalin ashanar a gefe.