Lambar Wuyan Bahago

Kofur ya ture hannun matar da ke ƙoƙarin riƙe shi, ya ci gaba da hawan matakala, wani tsohon gwangwani maƙale a hammatarsa.

"Sake ni, 'yata. Ƙafar nan ta hau dutsen da akuya ta duba ta fasa. Bene hawa biyu ne zai kayar da ita?"

A hawa na farko ya tsaya, wai yana duba ko magina sun iya aiki. Sai da numfashinsa ya dawo sannan ya yanke hukunci cewa ba su iya ba.

Matar nan tela ce, ta ba hamsin baya, kuma ita ce 'yar Bahago, abokin Kofur a fagen daga. Tana da wata uku a duniya ubanta ya tafi yaƙi. Da aka ajiye makamai uwarta ta zo wannan ofis na takardun tsofaffin sojoji, aka buɗe littafi aka ce an sallami mijinta da ransa da lafiyarsa. Bai dawo ba. Tun daga ranar ba mai ambaton sunansa a gidan sai ita, ita ma sai in za ta zage shi. Tela ta girma ba ta san ko 'yar mamaci ce ko 'yar wanda ya gudu ya bar su ba, ba ta san kowa a dangin ubanta ba. Makon jiya wani direba ya kai ta inuwar da Kofur ke zama yana ba mutane labarin yaƙi, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Yana jin ko 'yar wa ce ya ce da hannunsa ya binne Bahago. Uwarta da ta ji ta ce ƙarya ce irin ta abokai, ita takarda ta gani.

Akawun ofishin mutum ne mai furfura da tabarau, yana zaune ƙarƙashin fanka mai kuka kamar ƙofar da ba ta sha mai ba. Ya kwance igiyar wani fayil, ya bi layi da yatsa.

"Ga shi nan. An sallame shi bayan yaƙi, har ya dangwala yatsa. Baba, littafi ba ya ƙarya."

"Littafin ya je yaƙin?" in ji Kofur. "A wace runduna yake? Ni ban gan shi ba. Ni na haƙa ramin da bakin bindiga, harsashi na wucewa ta kunnena yana gaishe ni. Biyu ma sun shiga cinyata, suka ga ba wurin zama ba ne suka fita."

Akawu ya yi murmushi. "To kai mece ce lambarka?"

Kofur ya miƙe, ya buga ƙafa, ya rattabo lambar da ƙarfin da ya sa masinja leƙowa. Bai san alif ba, bai san baƙin boko ko ɗaya ba, amma lambar nan ko a barci aka tashe shi ba zai yi tuntuɓe ba. Akawu ya shiga ciki, ya daɗe, ya fito da wani fayil. Ya karanta, ya cire tabarau, ya goge, ya sake karantawa.

"Baba, mai wannan lamba ya rasu a yaƙi."

Kofur ya ƙyalƙyale da dariya har da buga tebur. "Ai na sani! Har gida suka aika. Na dawo na tarar an raba kayana, ƙanena na yawo cikin rigata. Da ya hango ni sai da ya tsallake katanga. Mutuwa ce ta rubuta sunana, da ta zo ta ga fuskata ta ji kunya."

Tela ba ta yi dariya ba. Idonta na kan gwangwanin.

"Baba, takardar sallamarka fa? Wa ya taɓa karanta maka ita?"

"Karanta mini? Don me? Ni ban san ni ne ba?"

Ya buɗe gwangwanin, ya warware tsumma uku, ya miƙa takardar da hannu biyu, tare da ɗan ƙarfen nan mai lamba da soja ke ratayawa a wuya. Ko 'ya'yansa bai taɓa bari sun taɓa su ba. Akawu ya karanta sunan a bayyane.

Tela ta dafe ƙirji. "Sunan babana ne."

Kofur ya karɓi ƙarfen. Ya tsaya yana kallonsa kamar yau ya fara ganinsa. Can ya zauna a hankali.

"Rafi," ya ce. "Ana gobe za a kashe shi mun yi wanka a rafi. Mun rataye ƙarafan wuyanmu a reshe ɗaya. Na fito na ɗauki ɗaya, ya ɗauki ɗaya. Ni ban iya karatu ba, shi kuma ya fi ni rashin iyawa. Da ya faɗi saja ya cire na wuyansa ya tafi da shi. Ranar sallama kuwa mutum dubu ne a layi, malamin bai tambaye ni komai ba, ƙarfe ya duba ya rubuta, ya kama yatsana ya dangwala."

Akawu ya jawo fayil na farko ya juya shafi. A nan aka rubuta ƙauyen su Bahago, da sunan mahaifinsa, maƙeri, da ƙanne mata biyu. Tela ta ari biro tana kwafewa a bayan takardar awon wata riga, tana dariya hawaye na zuba.

"Ashe jikar maƙeri ce ni! Ashe ina da gwaggonni!"

"Shi ya sa ya fi kowa iya gyaran bindiga," in ji Kofur, muryarsa ta fara dawowa. "Bayan ni."

Ta ciro waya ta kira uwarta, ta buɗe murya don kowa ya ji. Ta faɗa mata komai, akawu ya ƙara da shaidarsa. Tela ta duba ko layin ya yanke.

"Inna? Kina ji?"

"Ina ji." Muryar tsohuwa ta fito a dishe. "Ashe yana da niyyar dawowa ke nan?"

Kofur ya matso da bakinsa. "Kullum zancenki yake, Hajiya, ke da jaririya. Har mun gaji muna toshe kunne."

Aka ji ta ja hanci. "Allah ya jiƙansa. Shekara hamsin da biyu ina zagin bawan Allah safe da yamma, yana kwance abinsa. To yanzu wa zan zaga?"

Kofur ya karɓi wayar, ya gyara zama, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Ga ni, Hajiya. Ni na riga shi fitowa daga ruwan. Fara daga farko, ba na sauri."