Ganuwar Gonar Badamasi

Gonar da Badamasi ya gada a bayan Tarai tana da kyau, sai dai a tsakiyarta akwai wata tsohuwar ganuwa, zagayayya kamar faifai, ta cinye wurin da ya fi dausayi. Ba wanda ya san waɗanda suka gina ta. Ta zaizaye ta zama tudu, sabara ta rufe cikinta. Mutanen gari sun ce mutanen ɓoye ne ke zaune a wurin, don haka ko kara ba a ɗauka daga nan.

Da iyali suka ƙaru, hatsi ya daina kai shi kaka, sai Badamasi ya tafi Rano ya ɗauko Mika'ilu mai tarakta. Mutumin ya kafce gonar tas, yana isowa gindin ganuwar ya kashe inji.

"Malam Badamasi, iyakata nan."

"Haba! Ai saboda nan na kira ka."

"Ka yi haƙuri, ina da 'ya'ya ƙanana."

Ya nemi 'yan ƙodago a Unguwar Gai, duk wanda ya ji wurin sai uzuri ya taso masa. Liman ya tabbatar masa ba abin da ke cutarwa sai da izinin Allah, amma da ya roƙe shi ya zo ya tsaya a wurin, sai ya ce ƙafa ta matsa masa.

Gwaggonsa Fanta ta tako har gida. "Ɗan nan, ubanka ya fi ka ƙarfi, bai taɓa su ba."

"Gwaggo, wa ya taɓa ganinsu?"

"Da ana ganinsu, a ce musu na ɓoye?"

Takaici ya ishe shi. Ya saɓi diga shi kaɗai, ya sassare sabarar, ya fasa ganuwar ta kudu. Bai tarar da komai ba sai tsingaro da rabin dutsen niƙa. Ya shuka dawa, ta yi kai irin wanda bai taɓa gani ba, shi kuwa ko ciwon kai bai yi ba.

Amma da saniyar maƙwabcinsa Manu ta yi ɓari, sai aka ce Badamasi ne ya tsokano su. Rijiyar unguwa ta rufta, nan ma shi. A masallaci aka fara gaishe shi da baki, ba a miƙa hannu.

Ranar da ya auno wa matarsa Bara'atu sabuwar dawar, ta ture kwanon gefe.

"Malam, ni ba zan sa wa yarana wannan a baki ba."

"Ga ni nan, lafiyata ƙalau! Me kuke so in yi, in faɗi matacce ku yarda?"

Ya kai dawar kasuwar Kibiya, ashe labari ya riga shi zuwa. Haka ta zauna a rumbu har ƙwari suka gama da ita. Da wata damina ta faɗi, Badamasi ya nome kewaye ya bar tsakiyar, yana yi yana tsaki.