Man Shanun Kakata a Teburin 'Yan Gulu

"To, Shugaba, ina taka kwalbar?" Lamunu ta tambaye ni.

"Ni ba ni da kwalba," na ce mata, alhali tana aljihun wandona, tana ɗumama a cinyata.

Larabar farko ke nan da aka cakuɗa tebura a ɗakin cin abincin makarantarmu ta kwana a Masindi, kuma ni na jawo. Ni ne shugaban Ƙungiyar Zumunci. Ni na tsaya a taron safe, murya na rawa, na ce don me ɗan Gulu zai ci tuwon masara da wake a wancan lungu, ɗan Mbarara a wannan, bayan waken ɗaya ne, ƙwarin cikinsa ma ɗaya? Aka tafa mini. Abin da ban faɗa ba shi ne, ni ɗan Mbarara na daɗe ina neman hanyar zama kusa da Lamunu 'yar Gulu, kuma duk littattafan soyayyar da na cinye babu wanda ya koya mini tsallaka tebur.

Al'adar teburinsu, duk wanda ya zauna sai ya ajiye abin da aka aiko masa daga gida a tsakiya, kowa ya ɗiba ya gyara wakensa. Su kam odii suke kawowa, wato markaɗen gyaɗa da riɗi mai ƙamshi. Nawa kuwa man shanun kakata ne, wanda ya yi watanni yana tsima a ƙwarya. A gida, warin nan shi ne darajarsa. A gaban Lamunu sai na ji kunyarsa ta kama ni.

"Ɗan masu shanu babu kwalba?" in ji Ocitti, babban teburin. "Ko shanun sun tafi hutu?"

Lamunu ta zuba mini odii da cokalinta. Na ci ina jin kamar a yau aka halicci wake.

Rana ce tsaka, rufin kwano ya ɗau zafi, murfin kwalbar kuma dama ba ya kamawa. Na ji wani abu yana gangarawa gwiwata. Ocitti ya ɗaga hanci.

"Jama'a, wani ya shigo da garke."

Duk suka leƙa ƙarƙashin tebur. Kowa ya yi dariya ban da Lamunu.

"Tumwebaze, ka ci namu ka ɓoye naka," ta ce. "Rowa ce, ko gani kake bakinmu bai kai ba?"

Na zaro kwalbar tana ɗiga, na ajiye a tsakiya.

"Kunya na ji. Wari yake."

"Wari kam yana yi, ɗan'uwa," in ji Ocitti. Ya zuba a wakensa, ya tauna, ya yamutsa fuska, ya kuma miƙa cokali.

Lamunu ba ta taɓa ba. Ta dube ni, ta dubi wandon, ta jawo kwanonta.

"Laraba mai zuwa ka dawo," ta ce yadda kowa zai ji. "Amma can ƙarshen benci za ka zauna, kusa da Ocitti, har sai na huce."